Ragowar Fentin Jirgi

A Mirina ba a sayen fenti don gida. Ko in ce, a da ba a saya. Fenti na jirgi ne. Idan Afrilu ya kama, aka jawo jiragen kamun kifi kan gaɓa aka kife su, kowa zai kankare nasa ya shafe shi sau biyu, abin da ya rage a gindin gwangwani kuma ya wuce da shi gida a shafa wa ƙyamaren tagogi. Shi ya sa idan ka ga shuɗin jirgi ɗaure a bakin ruwa, ɗaga kai kawai za ka yi, ga gida can mai shuɗɗan tagogi yana kallonsa. Ba wanda ya zauna ya tsara abin. Talauci ne da maƙo suka haɗu, kuma mu mutanen tsibiran Dalmatiya ba mu taɓa jin kunyar ko ɗaya a cikinsu ba.

Na Barba Dinko ja ne, ja irin na busasshen barkono, jirgin da tagogi huɗun da ke fuskantar teku. Ja ubansa yake shafawa, shi ma ya ɗora, bai taɓa tambayar dalili ba. Barba muke kiran duk namijin da furfura ta kama, shi kuwa ya daɗe da cin sunan, don shekarunsa saba'in da tara. Yana ɗan sha ɗaya ya fara jan raga. Da ya zama saurayi ya yi shekara shida a manyan jiragen dakon kaya, ya zaga tashoshin duniya, ya dawo da rediyo ɗaya da ciwon gwiwa. Rediyon ya mutu tuntuni, gwiwar tana nan. Ya auri Perina, 'yar mai gasa burodi, gajeriyar mace mai saurin hannu da saurin baki. Suka haifi 'ya ɗaya, wadda yanzu take aikin jinya a Jamus, tana zuwa mako biyu a Agusta ta yi musu faɗa a kan gishirin da suke ci ta koma.

Tsakanin Dinko da Perina akwai wani abu da ba su taɓa zama sun yi magana a kansa ba. Wani tsinin dutse ne ya shiga cikin teku ya kare ƙauyen, sai ka zagaye shi gidajen bakin ruwa suke bayyana gaba ɗaya. Duk ranar da Dinko ya zagayo dutsen nan, abin da idonsa ke fara nema shi ne ja. Idan ƙyamaren a buɗe suke, manne da bango, to lafiya lau, tukunya na kan wuta. A shekara hamsin da uku na aurensu sau uku kacal ya tarar da su a rufe: ranar da mahaifiyarsa ta rasu, ranar da aka tsallaka da Perina asibitin birni tana naƙuda, da wata rana da ta yi fushi da shi a kan maganar da har yau kowannensu ke cewa laifin ɗayan ne. Yanzu yanar ido ta fara damunsa. Fuskar mutum sai ta matso yake ganewa, karatun jarida kuwa ya bar wa Perina. Amma jan nan yana hango shi tun daga dutsen, kuma da shi yake saita kan jirginsa.

Masifar ta zo mana ne a takardu masu sheƙi. Wani kamfani ya sayi tsohon filin shanyar raga da kangon da ake gishirta kifi a da, ya ce zai gina otal hawa shida, ya zuba kankare a gaɓa don manyan jiragen masu hali su samu wurin tsayawa. A hoton da suka manna a ƙofar kanti, gidajenmu sun taru a gindin otal kamar kaji a gindin rumbu. Dinko ba ɗan taro ba ne, amma shi da Perina ne suka bi gida gida da takardar sa hannu. Shekara huɗu ana abu ɗaya. Ya fi sau goma yana shiga jirgin fasinja zuwa birni, ya zauna a benci a ƙofar ofis da hularsa a kan gwiwa, a ce masa mai sa hannun ya fita, ya dawo mako mai zuwa. Cikin waɗanda suka fara gwagwarmayar tare da shi, wasu suna maƙabartar bayan coci, wasu sun sayar wa baƙi gidajensu sun bi 'ya'yansu. Gidajen bakin ruwa su aka fi wawa, 'yan tsirarun da muka rage yawancinmu a unguwar sama muke.

A ƙarshe dai takarda ta fito, an sa Mirina cikin wuraren tarihi da ba a taɓawa. Wadda ta yi aikin ita ce Tihana, jikar marigayi Roko, abokin Dinko tun na ƙuruciya. Ta yi karatun gine-gine, tana aiki a ofishin adana tsoffin gidaje a birni, kuma ta ɗauki abin da zafi don ƙauyen kakanta ne. Hunturu guda ta yi tana bin gidaje da wata 'yar wuƙa, tana kankarar ƙyamaren mutane tana zuba ɓawon fenti a ambulan. Perina ta ce yarinyar nan karatu ya taɓa ta. Kamfanin bai haƙura ba, ya ɗaukaka ƙara, amma mu ba mu jira ba muka yi shagalinmu. An gasa kifi a bakin ruwa, an buga ƙararrawar coci, Dinko ya sha tambulan uku na ruwan inabi har ya rera waƙa.

Sai aka kira taro a tsohuwar makaranta, wadda rabonta da ɗalibi shekara goma sha biyu, don a karanta mana ƙa'idojin da suka biyo kariyar. Bartul ne ya jagoranta, shugaban kwamitin ƙauye. Bartul na da ɗakunan haya tara a bakin ruwa, kuma kowa ya san ƙiyayyarsa da otal ba ta tarihi ba ce, amma muna bukatarsa, sai muka yi kamar ba mu sani ba. Aka karanta: ba tagar roba, ba na'urar sanyaya ɗaki a bangon gaba, ba rufin kwano. Kowa na gyaɗa kai. Sai Tihana ta miƙe da wani ɗan kwali kore a hannu.

"Gida talatin da ɗaya ne ke kallon ruwa," in ji ta. "Na kankare ƙyamaren ashirin da shida har na kai katako. A ashirin da uku, shafin farko kore ne, wannan koren. Shi ne asalin launin Mirina. Kafin ƙarshen Oktoba kowa zai mayar da tagoginsa haka, don a lokacin ne masu dubawa za su zo."

Dinko ya ce a miƙo masa kwalin. Ya kai shi dab da hancinsa, ya juya shi wajen haske, sai ya fashe da dariya har ta koma tari, Perina na bubbuga masa baya.

"'Yar nan, kin san koren nan na wane ne? Na soja ne."

"Wane soja kuma, Barba?"

"Oho, ko na wace ƙasa ne, duron bai faɗa ba. Da muka dawo daga gudun hijira bayan yaƙi, ba gidan da muka tarar da ƙyaure ko ɗaya. Sojoji sun ɓalle su sun ji ɗumi. Aka yi sababbi da katakon akwatuna. Fenti kuwa babu a duk tsibirin nan. Wata safiya teku ta turo duro guda bayan coci. Ubana da wasu suka mirgino shi, ni da kakanki muna biye muna tsalle. Fentin motocin yaƙi ne. Shekarar nan komai kore ya koma, jirage, tagogi, ƙofar coci, har akurkin kajin limamin cocin."

Mutane suka kwashe da dariya. Wata tsohuwa daga baya ta ce ta tuna, warinsa ya yi wata uku yana tayar mata da zuciya.

"Shekara biyu mace ba ta iya gane jirgin mijinta daga nesa," in ji Dinko. "Ranar da fenti ya dawo kanti, rige-rige aka yi ana rufe shi. Yau kuma shi ne asalinmu?"

Tihana ba ta yi dariya ba, ta tsaya hannu sake tana kallonsa. Bartul ya leƙa takardar matar da ke rubuta bayanin taro ya dafe da tafin hannu.

"Kar ki rubuta wannan. Barba, zauna don Allah. Hirar bakin ruwa ce, ba ta taro ba."

"Ni da na ga duron da idona?"

"Ai idon naka ne abin dubawa," in ji Bartul. Aka sake dariya, aka wuce batun kwandunan shara.

Washegari da la'asar Tihana ta zo gidan. Perina ta dafa mata gahawa, ta ajiye busasshen ɓaure a faranti, ta koma bakin murhu ta juya baya, alamar duk kunnuwanta na wurin.

"Barba Dinko, maganar jiya gaskiya ce?"

"Na taɓa yi miki ƙarya? In ban da a kan girman kifi."

Ta rufe fuska da hannu biyu ta daɗe a haka. Sannan ta yi masa bayani a hankali. Lauyan kamfani abu ɗaya yake ta nanatawa a kotu, wai Mirina ba ta da wata kama tata da za a adana, tarkace ce, kowa da launinsa. Rahotonta ne ya toshe masa baki, don ya nuna ƙauyen na da asali guda. An buga wa rahoton hatimi, a kansa kariyar take tsaye. In ta rubuta cewa ta yi kuskure, za a janye shi a sake bincike, kuma a tsakanin nan ba abin da zai hana a ba kamfani izinin gini.

"Kafin a sake zama, Barba, sun gama zuba kankare."

"To ki rubuta musu gaskiyar mana. Kowa da launin jirginsa, asalin ke nan."

"Jirage nawa suka rage?"

Ya ƙirga a ransa. Huɗu ne, kuma biyu a ciki baƙi suke ɗauka yawo.

"Kuma takardar gurbi ɗaya gare ta," in ji ta. "An ce launi, an bar wurin lamba ɗaya. Ba wurin rubuta labari."

"Ni da na yi shekara huɗu ina ɗumama musu benci, ni za a ce in shafa fentin soja a tagar uwata."

"Ba wanda zai tilasta maka. Ni dai ba zan aiko kowa ba. Amma gidanka ne a tsakiya. Ranar da masu dubawa suka sauko daga jirgi, da lauyan a bayansu, shi za su fara gani."

Ta tafi ba ta taɓa ɓauren ba. Perina ta kwashe kofuna tana buga su da juna.

"Ka ji daɗi, tsoho? Ka sa 'yar mutane kuka."

"Ni na aike ta kankarar ƙyamaren mutane? Ta tambaya mana! Wata uku tana wuce ni ina zaune ina ɗinkin raga, sannu Barba, sannu Barba, ba ta taɓa cewa Barba, koren nan fa?"

"Da ta tambaya ma, labarin kifin da ya kusa kifar da kai za ka ba ta."

Ya kau da kai. Amma abin da ya fi ci masa rai ke nan, ba a tambaye shi ba.

Afrilu ya zo, Dinko ya kife jirginsa ya shafe shi ja kamar kullum. Ragowar ya hau da ita gida, ya kafa tsani da hantsi, lokacin da kowa ke wucewa, ya sabunta tagoginsa har suna ɗaukar ido. Bartul ya zo wucewa rungume da tawul-tawul na ɗakunan hayarsa, ya tsaya a gindin tsani.

"Barba, ɓarnar fenti kake yi."

"Nawa ne."

"Za ka sake hawa tsanin nan kafin Oktoba, da wannan gwiwar taka."

"In na faɗo ka jingine gawata a ƙofarka baƙi su ɗauki hoto. Ai ni ma kayan tarihi ne."

"Ni dai na gaya maka. In lauyan nan ya samu ƙofa ta kanka, kai za ka yi wa mutane bayani."

Dinko ya ci gaba da shafe-shafensa kamar bai ji ba. Ya ji sarai, kuma ranar bai iya cin abincin rana ba.

Zafi ya shigo, baƙi suka cika ƙauyen, gidaje suka riƙa komawa kore ɗaya bayan ɗaya. Bartul ne ya fara, ya kuma sa aka kawo fentin da yawa yana rabawa. Baƙin da suka sayi gidaje su suka fi kowa zumuɗi. Wani Bajamushe har tukwanen furanninsa ya shafe, yana gaya wa Dinko da baki da hannu cewa shi mai son al'ada ne. Launin ruwan ɗorawa na gidan Roko ya tafi. Akwai gidan wasu 'yan'uwa uku da teku ta ci a rana ɗaya, matansu su kaɗai aka taɓa gani a Mirina suna sayen fenti ba jirgi, sun yi shekara arba'in suna riƙe da shuɗin mazansu. Shi ma ya tafi a yamma ɗaya, a hannun wani lebura da bai san labarin ba. Dinko na zaune a kan dutsen da ya saba zama a bakin ruwa yana kallo. Ya gaji da magana. Ya gaji da taro da takarda, ya gaji da masu zuwa sayen ƙauyen da masu zuwa cetonsa, har wani lokaci ba ya iya bambance su. 'Yarsa da ta zo a Agusta ta ce, "Baba, fenti ne fa kawai." Ya ce haka ne, ya ɗauki hularsa ya fita.

Zuwa ƙarshen Satumba nasa kaɗai ya rage, kuma abin haushi, a gabansa baƙi suka fi tsayawa ɗaukar hoto. Bartul ya kawo gwangwanin kore ya ajiye masa a bakin ƙofa. Ya kwana tara a wurin, Perina na share gefensa tana barinsa. Rana ta goma ta ɗauke shi ta dire a kan tebur, daidai inda farantin Dinko yake zama.

"Me wannan yake yi a nan?"

"Maigida yake jira."

"Ke ma kin bi su?"

"Ni ban bi kowa ba. Ƙafata ce ta kumbura ina bin gidaje da takarda, ba ta Bartul ba. In suka zuba kankare suka jera manyan jiragensu a nan gaba, ba kai ba hango gida, ja ne ko kore. Sai ka zaɓa."

Ya daɗe yana juya cokali a cikin miya. Sannan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa mata ba.

"Perina, ba na gani sosai. In na zagayo dutse, duk gidajen nan haɗe suke a idona. Jan nan kaɗai nake rarrabewa. In ya tafi, ban san inda zan dosa ba."

Ta tsaya da tsumma a hannu. Ya zaci za ta yi laushi, amma Perina ba ta iya laushi ba in ana kallonta.

"Shekara kusan saba'in kana shiga mashigin nan, ko jaki ne ai ya haddace hanya. Ci abincinka."

Da ta juya baya ta daɗe tana goge tukunyar da ta riga ta bushe.

A mako na biyu na Oktoba ya cire ƙyamaren, takwas ne, ya jera su a tsakar gida. Bai yarda kowa ya taya shi ba. Ya sunkuya da fuskarsa dab da katako yana kankarewa, fenti na fita ɓawo-ɓawo, sai ya ga ashe jan ba ɗaya ba ne. Ga mai duhu na shekarun da kanti ba shi da wani sai shi. Ga siririn shafi na shekarar da kifi ya ƙi, aka tsinka fentin da kananzir don ya kai. Ga layin shuɗi guda ɗaya, na shekarar da guguwa ta fasa masa jirgi ya yi aiki a na ɗan'uwan Perina, aka sam masa ragowar nasu. A can ƙasa kuma, manne da katakon akwati, ga koren nan, ko dusashewa bai yi ba. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani ta rubuta.

Ya shafa kore sau biyu, ciki da waje, da kyau, don Dinko bai iya aikin ha'inci ba ko ransa a ɓace yake. Da ya gama akwai ragowa a gindin gwangwani. Ya tsaya da shi a hannu yana kallon jirginsa a ƙasa. Shi dai ya san fenti daga jirgi yake hawa gida, bai taɓa jin ya sauka daga gida zuwa jirgi ba. Ya rufe gwangwanin ya tura shi ƙarƙashin matakala.

Masu dubawa suka zo su uku, da lauyan kamfani a bayansu cikin takalmi mai tsini. Suka tsaya a bakin ruwa suna ɗaga kwalin suna gwadawa da tagogi, suka ci gasasshen kifi a wurin Bartul, suka bi jirgin la'asar. Bayan mako biyu Tihana ta kira a waya, an kori ƙarar kamfani, ba otal. Ta ce a ba ta Barba. Perina ta miƙa masa, ya ce, "Madalla, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka," ya mayar. An buga ƙararrawa, amma ba a gasa kifi ba, don ba masu ci. Baƙi sun watse, masu gidaje sun kulle sun bar makullai a hannun Bartul, shi ma Bartul ya rufe nasa ya tafi birni wurin ɗansa sai Afrilu.

Tun da ya mayar da ƙyamaren Dinko bai shiga ruwa ba. Yau ya ce gwiwa, gobe ya ce iska. Perina ta san ba gwiwa ba ce, ta ƙyale shi har ranar da ta gaji da ganinsa.

"Tsoho, ko ka kawo kifi, ko in fara dafa maka ragar."

Ya fita da safe, wata ranar Nuwamba mai sanyi, teku a kwance. Ya zuba ƙugiyoyinsa a bayan tsibiri, ya samu kifi bakwai, ya ci burodi da cuku, ya yi ta jan lokaci har rana ta karkata. Da ya juyo gida ya rage inji tun kafin dutsen. Kunya na kama shi, tsoho ɗan saba'in da tara yana tsoron ƙauyen da aka haife shi. A ransa ya shirya yadda zai yi. Zai nemi hasumiyar coci, ya ƙirga gida goma sha ɗaya zuwa hagu, yadda baƙo zai yi.

Ya zagayo dutsen. Ga Mirina a jere, fari da kore, tsaf, ba otal, ba kankare. Ya nemi hasumiya ya fara ƙirge. Bai kai uku ba ya daina. Duk tsawon bakin ruwan ƙyamare a rufe suke, gida bayan gida, ba hayaƙi, ba shanya. A tsakiya akwai gida ɗaya da tagoginsa huɗu suka yi baƙi, don a buɗe suke, ƙyamaren manne da bango. Ko wanda ya fi shi raunin ido zai gan shi.

Ya kashe injin ya bar jirgin yana tafiya da kansa. Kullum yana wucewa ta ƙarƙashin gidajen nan, amma daga ƙasa ɗaya-ɗaya ake ganinsu, sai daga teku ake ganin duka. Kuma duk shekarun nan ja yake nema, da ya hango shi sai ya daina duban sauran. Yau da babu jan, ya duba. Ya riƙa bin su da ido yana kiran sunayen mutanen da ya sani a cikinsu, da launin jirgin kowa, har kan jirginsa ya taɓa gaɓa.

Perina na jingine a taga da mayafin ulu a kafaɗa. Daga yadda ta ƙudundune ya san ta daɗe a wurin.

"Ka gane gidan, ko sai da ka tambayi hanya?"

"Na gane."

"To ka gani! Duk hayaniyar nan a kan fenti. Da me ka gane shi?"

Ya ɗaure igiya, ya ɗauko bokitin kifi, ya miƙe a hankali saboda gwiwa.

"Ke kaɗai ce kika buɗe," ya ce.

Perina ta leƙo da kanta waje ta dubi jerin gidajen, dama da hagu. Ko'ina a rufe, ba taga ko ɗaya a buɗe sai nata.